Ƙululun bishiyar walnat: daga rami zuwa sikelin mai saye

A kwarin Sakaramento da na San Hwakin a jihar Kalifoniya, inda kusan duk walnat ɗin da Amurka ke nomawa yake fitowa (walnat ɗan itace ne mai ɓawo mai tauri da ake cin ƙwayarsa), idan gona ta tsufa amfaninta ya ja baya, tumɓuke ta ake yi gaba ɗaya a sake dashe. Bayan girbi ake wannan aiki, daga watan Nuwamba zuwa tsakiyar hunturu. A lokacin ne mu ma muke shiga gona, amma ba rassa ko gungume muke nema ba. Idonmu yana kan gindin bishiyar, inda wani ƙululu yake kumburowa daidai da ƙasa, wani lokaci rabinsa ma a binne. A kasuwar can sunansa burl. Manomin da bai san shi ba zai tura shi injin niƙa itace tare da sauran tarkace, alhali ƙululu ɗaya mai kyau yana iya fin duk sauran bishiyar kuɗi.

Duk wanda ya san mangwaron aure ya riga ya san rabin labarin. Tsofaffin gonakin nan duk aure aka yi musu: gindin na baƙin walnat ne ɗan asalin arewacin Kalifoniya, wanda 'yan katako ke kira claro, kan kuma na walnat ɗin da ake ci ne. A ƙasan mahaɗar nan gindin yakan yi ta ƙoƙarin fitar da tsironsa, manomi yana sarewa, ɗaruruwan idanun tsiro suna taruwa suna cunkushewa ba su zama reshe ba. Shekara da shekaru itacen yana naɗe su, jijiyarsa tana murɗewa ko ta ina. Idan aka yanka, kowane ido yakan fito kamar ɗigo da zobe kewaye da shi. Wannan zanen shi ake saye. Shi ne ake gani a gaban motoci irin Jaguar da Bentley da Rolls-Royce, da saman tebura masu tsada, da fuskar jita.

Abu na farko shi ne a tabbatar ƙululun ne na gaske, domin ba kowane kumburi ba ne. Iri biyu ke yaudarar sabon shiga. Akwai tabon reshe: reshe ya karye tuntuni, bishiya ta rufe wurin, daga waje sumul, ciki kuwa kogo da ruɓa. Akwai kuma ƙarin da wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa ke jawowa, wanda ya fi damun gindin Paradox, wato haɗin jinsi biyu da ake dasa yawancin sababbin gonaki a kansa. Shi wannan ƙarin taushi gare shi, ɓawonsa baƙi ne mai marmashewa, wuƙa tana shigarsa kamar rogo, kuma ko kyauta babu mai ɗauka. Na gaske yana da tauri, fatarsa cike da ƙananan ƙuraje masu tsini, sau da yawa da 'yan tsiro a jikinsu. Mukan buga shi da bayan gatari a wurare da dama. Mai cikakken ciki yakan amsa da ƙara tsaf, gatarin ya yi tsalle. Mai kogo yakan amsa kamar ganga. Tururuwa masu shiga da fita ta wata kafa, ko naman kaza a gindin, duk shaida ce cewa ruɓa ta riga mu shiga.

Wajen haƙa ne aka fi yin asara, kuma mai kayan ne da kansa yake jawo ta. Direban katafila ana biyansa ne a kan yawan bishiyar da ya kayar, don haka idan ba a tsaya a kansa ba zai kafa haƙoran bokiti a jikin ƙululun ya fizgo. Tsaga ɗaya da haƙori ya yi tana iya shiga ciki taƙi guda, ta raba kayan da masu saye mafi tsoka. Yadda muke yi, ana haƙa rami kewaye da bishiyar, kimanin mita ɗaya daga jikin ƙululun, a datse manyan saiwoyi can nesa, sannan a tura bishiyar daga sama tun tana tsaye da kanta, nauyinta ya taimaka ta kwanta. Bayan ta kwanta ake yanke gungumen. Mukan bar wuya na santimita 30 zuwa 45 a sama da ƙululun, saiwoyin kuma a bar musu guntaye na santimita 15 zuwa 20. Dalili kuwa, bushewa daga bakin yanka take farawa, tsagewa ma haka. Gara ta ci wuyan da za a yar da ta shiga cikin zanen. Wajen ɗagawa, bel mai faɗi ake sawa, ba sarƙa ba, domin sarƙa tana ƙuje ɓawo, ƙarfenta kuma idan ya haɗu da ɗanyen walnat yakan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi.

Daga nan sai wanki, da injin feshin ruwa irin na masu wankin mota. Aiki ne mai gundura, amma babu makawa, saboda tsakanin saiwoyi akwai laka da tsakuwa, wani lokaci dutsen ma itacen ya haɗiye shi. Bayan wanki sai a bi jikin duka da na'urar gano ƙarfe. Bishiyar gona ta shekara da shekaru ba ta rasa ƙusa, ko waya, ko guntun bututun ban ruwa. Wuƙar kamfanin fallen katako, wato masu fere itace siriri don liƙa wa fuskar kaya, doguwa ce mai tsada, ƙusa ɗaya za ta ɓare mata baki ta tsayar da aiki, kuma mai sayen da hakan ta same shi a kayanka ba zai sake ɗaga wayarka ba. Idan na'ura ta yi ƙara, a yi wa wurin alama da alli a gaya masa tun farko.

Sai awo. Da laba ake cinikin ɗanyen ƙululu a Amurka, kilo ɗaya kuwa laba 2.2 ne. Kafin a kai ga sikeli ana iya yin ƙiyasi da tef. A auna faɗi ta fuska biyu, a auna tsayi, a ninka ukun, a ɗauki rabin abin da ya fito da ɗan ɗoriya, wato a ninka da 0.52, tunda siffarsa ta fi kusa da ƙwallo fiye da akwati. Wanda nake misali da shi yana da faɗin mita 1.3 ta kowace fuska, tsayinsa mita 0.9. Lissafin ya ba da kusan 0.79 na mita kubik, wato akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska. Ɗanyen baƙin walnat yana da nauyin kimanin kilo 930 a kowace irin wannan mita, don haka kayan ya kama kilo 735, wato wajen laba 1,620. Ainihin nauyin a sikelin manyan motoci ake samunsa: a auna mota da kaya, a sauke, a sake auna ta wayam, a karɓi takarda. Sikelin zai nuna fiye da ƙiyasin saboda wuya da guntayen saiwa. Mai saye zai cire nauyinsu, kuma da gaskiyarsa, amma a yi yarjejeniya a kan nawa za a cire kafin a ambaci farashi, ba bayan an sallama ba.

Akwai abin da masu ajiye kaya suna jiran kasuwa ta yi sama ba sa lissafawa. Busasshen walnat bai wuce kilo 610 a mita ɗin nan ba. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da sikeli ke nunawa ruwa ne, kuma kullum yana tafiya. Da ajiyar tana ƙara daraja da sai a ce ba komai, amma ƙululu mai wannan girma ba ya bushewa lafiya a dunƙule. Waje ya bushe ya tsuke, ciki na nan jiƙe, sai ya dare. Mai ajiya ya rasa nauyi, ya kuma rasa kyau.

Saboda haka ranar da aka yi yanka, ranar ake rufe shi. Muna shafa ruwan kaki a duk inda zarto ya bi, shafi biyu, na biyu bayan na farko ya sha iska. Anchorseal shi ne wanda aka fi sani a can. Idan babu, narkakken kyandir yana yi a ƙananan wurare, fentin gida kuwa maneji ne kawai, domin yana tsagewa tare da itacen. A ɗora kayan a kan katako kada ya taɓa ƙasa, a inuwa, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu ko dusar katako. Kada a naɗe shi da baƙar leda a rana, gumi zai dafa shi ya yi fumfuna. Zafin kwarin a bazara yana haura digiri 38, kwana kaɗan ya isa ya fasa abin da ya yi shekara hamsin yana girma.

Yanzu ga inda ainihin kimar take. Mai saye yana biyan kuɗi ne a kan cikin da bai gani ba, don haka duk aikin mai sayarwa shi ne ya rage masa shakka ba tare da ya fasa kayan ba. Mukan buɗe taga: a zaɓi wuri biyu ko uku, a fere ɓawo da ɗan naman da ke ƙasansa, faɗin tafin hannu, zurfin bai wuce santimita biyu ba, a goge da samfefa, a watsa ruwa. Ruwan yana fito da zanen kamar an shafa masa mai. A ɗauki hoto da tef a gefe, sannan a rufe da kaki. A tagar nan ana duba yawan idanu da ƙanƙantarsu. Wanda idanunsa suka cika ko'ina, ƙanana, a cushe, shi ne sahun gaba. Na biye shi ne wanda idanun suka taru gungu-gungu, da fili a tsakaninsu. Akwai kuma mai ɓawon albasa, wanda ba shi da ido sai murɗa da layuka masu zagaye. Yana da kyau a kwano, amma kamfani ba ya biyansa da tsada. Ana duba launi ma: yawan baƙin tsakiya a kan farin gefe, domin farin idan ya yi kauri yana cinye faɗin da za a mora. Ana kuma duba ko zanen ya zagaye gindin duka ko gefe ɗaya ya tsaya. Sannan lahani: ɓawon da itace ya haɗiye ya bar baƙin rami, tsagar da ke bin zoben shekara, hudar ƙwaro.

A nan zan faɗi ra'ayina ƙarara. Girma kaɗai ba ya sa kuɗi. Mutane sukan turo hoton ƙaton ƙululu da yaro tsaye a gefensa, suna tsammanin sun tsinci dami a kala. Ƙululu mai kilo 300 wanda ya cika da ido kuma ba shi da kogo ya fi mai tan biyu da ruɓaɓɓen ciki. Babban ma kuɗin ɗaukarsa kaɗai yana iya cinye ribar.

Masu saye hawa-hawa ne, kuma kowane hawa da abin da yake nema. A sama akwai kamfanonin fallen katako da dillalansu, yawancin kayan kuma Turai yake ƙarewa, musamman Italiya da Jamus. Su a dunƙule suke so, ɗanye, babba, mai zagaye. Sukan dafa shi a ruwan zafi na kwanaki har ya yi laushi, su ɗaura a inji yana juyawa wuƙa tana fere shi falle-falle, kaurin kowane falle wajen milimita 0.6. A lissafin takarda, ƙululun da na ambata zai ba da fiye da murabba'in mita 1,300. A zahiri abin da ke fita mai kyau bai kusa haka ba, amma ko da rabinsa ne, an ga dalilin da ya sa suke iya biyan abin da wani ba zai iya ba. Ana jera fallayen bi da bi yadda suka fito, kafinta ya buɗe biyu kamar shafin littafi, zanen dama ya zama madubin na hagu. Tsaga ɗaya a ƙululun za ta bayyana a kowane falle, shi ya sa ba sa sassauci a kanta.

Ƙasa da su akwai masu yanka manyan falankai na tebur. Su sukan yafe rami da ɓawon da ya shige ciki, tunda yanzu ana cike su da ruwan roba mai daskarewa. Sai masu sassaƙa kwano da injin juyi, waɗanda ke sayen gutsattsari, amma da yawansu ba su da abin ɗaga kilo 700. Can ƙasa kuma masu ƙotar wuƙa da alƙalami, masu sayen ƙananan yanka, na alƙalami wajen inci biyar ne a tsayi. Idan bishiyar tana da mahaɗar rassa mai zanen gashin tsuntsu, wannan kasuwarta daban, ta masu gindin bindiga, kada a haɗa ta da cinikin ƙululu.

Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne fasa ƙululu don a ga cikinsa. Daga lokacin da zarto ya ratsa tsakiya, hawan farko ya tafi, kuma ba a mayarwa. Daga sama ake fara tallatawa. Idan na sama ya ƙi, a sauko. Wanda ya fara daga ƙasa ba shi da hanyar hawa.

Farashi yana tafiya da yayi da kuma yawan gonakin da aka tumɓuke a shekarar, saboda haka alƙaluman nan na gwada lissafi ne kawai. Idan an taya laba 1,620 a kan santi 30 kowace laba, dala 486 ke nan. A kan dala ɗaya, dala 1,620. A kan dala uku, dala 4,860. Kaya ɗaya, nauyi ɗaya, bambancin duk yana ga wane hawa ya shiga. Daga ciki za a cire kuɗin katafila, da na wanki, da kaki, da sikeli, da mota, da la'adar dillali idan da shi, da kason mai gona. A nemi tayi aƙalla uku, kowa a tura masa hotuna iri ɗaya: fuska huɗu, sama da ƙasa, tagogin a jiƙe, takardar sikeli, da ranar da aka haƙo. Wanda ya zo gona da tsabar kuɗi yana cewa yau ko ya fasa, yawanci ya ga abin da kai ba ka gani ba. A ce masa albarka, a buɗe taga tukuna.

Akan tambaye ni ko ba gara mutum ya yanka da kansa ya busar ya sayar ɗaiɗai ba, tunda busasshe ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ga lissafin. Ma'aunin katako a can shi ne falanki mai ƙafa ɗaya tsawo, ƙafa ɗaya faɗi, inci ɗaya kauri, kuma akwai irinsa 424 a mita kubik ɗaya. Ƙululun namu yana da wajen 335. Zarton inji mai sarƙa yana cin kusan santimita ɗaya a kowane yanka, mai bel kuwa wajen milimita uku. A haɗa da gefuna, da ɓawo, da abin da zai tsage ko ya karkace, idan rabi ya tsira an gode Allah. Ƙa'idar bushewa a iska ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, ƙululu kuma ya fi haka jinkiri domin jijiyarsa ba ta da alƙibla ɗaya. Falanki mai inci uku zai ci shekara uku zuwa sama, a jere da 'yan sanduna a tsakani, da nauyi a kai, kafin ya shiga ɗakin busarwa ya sauko zuwa danshin kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari da kayan ɗaki ke buƙata. Wanda ya gaggauta shi da zafi zai same shi lafiya a fuska, ciki kuwa kamar saƙar zuma. Mai rumfa da zarto da haƙuri da masu saye a hannu zai ci riba. Wanda ƙululu ɗaya ya faɗo masa, ya sayar ɗanye ya huta.

Batun takardu ba abin wasa ba ne. Satar ƙululu tsohuwar matsala ce a Kalifoniya. A shekarar 2014 sai da hukumomin gandun dajin Redwood suka riƙa rufe wata hanya da dare saboda masu shiga da zarto suna yanke ƙululu daga jikin tsofaffin bishiyoyi masu rai. Irin wannan yanka yana barin rauni babba da cuta ke shiga ta nan, shi ya sa ba ma taɓa ƙululun bishiyar da ba sarewa za a yi ba. Mai saye na kirki zai nemi rubutacciyar yardar mai gona da takardar sayarwa mai nuna inda kayan ya fito. Akwai kuma cutar da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa a ɓawon walnat a yammacin Amurka, wadda ta sa jihohi da dama na gabas suka hana shigo da ɗanyen walnat mai ɓawo daga yankin. Kayan da zai ƙetare teku kuwa sai da shaidar lafiyar tsiro daga ma'aikatar gona ta ƙasar.

Wannan ya shafi na gida ma. Ƙululun amboyna, ɗaya daga mafi tsada a duniya, yana fitowa ne daga wata bishiyar kudu maso gabashin Asiya 'yar dangin madobiya, akwai kuma wani sananne daga 'yar dangin kawo. Amma madobiya tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe, tun 2017, an kuma ƙara kawo da maɗaci a taron 2022. Wanda ya ga kumburi a gindin ɗayansu yana tunanin kasuwar waje, hukumar gandun daji zai fara tuntuɓa kafin ya wasa gatari.

Ranar lodi, mukan rubuta lamba da nauyi a jikin kowane ƙululu da fenti, a kan wuya ba a kan zane ba, lambar ta dace da ta takarda. A ɗora shi a kan katako biyu masu kauri don cokalin injin ɗaga kaya ya samu wurin shiga, a sa tsumma ko kwali a ƙarƙashin bel, a ɗaure ta fuska biyu, a rufe da tamfol, domin iskar hanya tana busar da fuska fiye da rana. Kafin alƙalami ana karɓarsa ranar da aka sallama, cikon kuma kafin mota ta fita daga gona. Idan yarjejeniyar ta ce nauyin sikelin mai saye ne za a bi, a rubuta a ciki cewa za a auna cikin kwana biyu da isar kayan, kuma a turo hoton takardar.